Cigiyar Kofunan Waya

Mahaifina mai gyaran wayar jirgin ƙasa ne. Dole in tsaya in yi bayani, don yaran yanzu ba su san jirgin ƙasa yana da waya ba, wasunsu ma jirgin kansa a hoto suka san shi. A da, duk inda layin dogo ya bi za ka ga falwayoyin ƙarfe a jere a gefensa, da wayar jan ƙarfe a miƙe a kansu. Ta nan wannan tasha take sanar da waccan cewa ga jirgi nan ya taso. Ba a ɗaura wayar a jikin ƙarfen kai tsaye, in an yi haka saƙon zurarewa ƙasa zai yi. Akwai wani abu mai kamar kofi a kife da ake murɗawa a saman falwaya, shi ake naɗa wa wayar a wuya. Yawancinsu farin tangaran ne, amma tsofaffin na gilashi ne, koraye, masu kauri da nauyi. Kofin waya muke ce masa a gidanmu.

Mu mutanen wani ƙauye ne kusa da Garo, a ƙasar Kabo, inda jirgi bai taɓa bi ba, ko kukansa ba ma ji. Wurin aikin Baba can ne tsallaken kogi, daga wajen Madobi zuwa wajen Dangora. A ƙafa yake bin layin, da igiya a kafaɗa da filaya a aljihu, inda waya ta tsinke ya haɗa, inda kofi ya fashe ya hau ya canja. Sai ƙarshen wata muke ganinsa, ya zo da burodi da rake, ya kwana biyu ya koma. Ni ne ɗansa na fari, saboda haka bai taɓa kama sunana ba. “Kai wannan” yake ce min, har na yi nawa 'ya'yan.

Ina koyon ɗinki a Gwarzo aka shiga zamanin tsuke bakin aljihu, wanda mutanenmu suka fi sani da ostariti. Sabulu ya zama abin bin layi, madara ta koma ta marar lafiya. A cikin wannan hali aka tara su Baba aka ce su je gida su ɗan jira, in abubuwa sun daidaita za a neme su. Duk wanda yake wurin ya gane abin da ake nufi. Wasu suka kama kasuwanci, wasu suka tafi ci-rani suka zauna can. Baba kuwa ya ɗauki maganar yadda aka faɗe ta. Ya dawo gida, ya ninke kakinsa ya sa a akwati, ya kama noma kamar mai riƙe wa wani gona kafin ya dawo daga tafiya. Duk baƙon da ya sauka ƙauyen daga birni, bayan gaisuwa abin da Baba yake fara tambayarsa shi ne ko ya ji an fara kiran ma'aikata.

Ba a daɗe ba labari ya fara zuwa cewa ana kwashe wayar. Jan ƙarfe yana da masu saye, yunwa kuma ta koya wa mutane hawan falwaya. Da waya ta ƙare aka koma kan falwayoyin kansu, ana yankewa da zarto ana kai wa maƙera da 'yan gwangwan. Kofunan ne kaɗai ba su da kasuwa. Ɓarawo in ya kayar da falwaya sai ya kwance su ya watsar a ciyawa, waɗanda suka rage a sama kuma makiyaya suna gwada hannu a kansu da danƙo.

Da aka gama girbi a shekarar, Baba ya hau kekensa bai ce wa kowa komai ba. Bayan 'yan kwanaki sai ga shi yana tura keken, da buhu a kan kariya. Na zo gida a ranar, ina tsakar gida ya kwance bakin buhun. Inna, mahaifiyata, ta leƙa da sauri tana tsammanin dankali ne.

“Malam, mene ne wannan ka kwaso mana?”

“Kayan aiki ne,” in ji shi. “Waya ana iya sayo wata, falwaya ana iya ƙerawa. Wannan kuwa daga ƙasashen waje aka kawo shi, kuma an daina kawowa. Ranar da za a mayar da layi, shi za a nema a rasa.”

“To gidanka ne ya zama sito?”

“Kafin su zo dai.”

Rumbu biyu ne a gidanmu. Kafin 'yan shekaru ɗaya ya fita daga hannun Inna, geron da ya rasa wuri ya koma buhuna a ɗakinta, ɓeraye suka bi shi. Ta yi mita har ta gaji. Takan ce ita dai tun da take ba ta taɓa ganin gidan da ake kwana da gero a ɗaki a bar kwalba a rumbu ba.

Duk rani sai ya tafi. Sau ɗaya na bi shi, bayan na buɗe shagona a bakin kasuwar Gwarzo na sayi tsohon babur, shi kuma gwiwa ta fara hana shi taka keke. Na je ne in gani da idona in samu abin faɗa. Layin ya zama kufai. Gindin falwayoyin da aka yanke ne kawai yake leƙowa daga ciyawa kamar kututture. Da Baba ya isa gindin ɗaya sai ya fara bugun ciyawa da sanda saboda maciji, sannan ya durƙusa ya shiga lalube a kewaye. In ya samu kofi sai ya ƙwaƙule ƙasar da ta cika cikinsa, ya kai shi kusa da kunne ya ƙwanƙwasa da ƙusa. Mai tsaga ƙararsa a mace take, wannan sai ya kife shi a gindin falwayar ya wuce. Mai lafiya yana amsawa, shi ne yake shiga buhu, a naɗe cikin ganye. Muka yini a rana, ƙaya ta yi min kaca-kaca da wando, abin da muka samo ko rabin buhu bai kai ba.

Wajen la'asar ya tono wani kore daga gindin geza. Ya ɗauki ruwan da ya rage mana na sha ya wanke shi tas, ya ɗaga shi saitin rana ya ce, “Kai wannan, duba.” Na duba. Akwai ƙananan kumfa a daskare cikin gilashin, hasken da ya ratso ta ciki ya sauka kore a tafin hannunsa. Yana da kyau, ba zan yi ƙarya ba. Amma ƙishirwa nake ji, kuma na gaya masa ruwan ya fi kofin amfani.

A gida da toka yake wanke su, ya shanya, ya jera a rumbu, jeri ɗaya sai ya zuba ƙaiƙayi don kada su gogi juna. Bai taɓa ajiye ko ɗaya a ɗakinsa don ado ba. In baƙo ya ce a nuna masa, sai ya ce ba nasa ba ne da zai yi ta nunawa.

Haka muke har aka ƙaddamar da shari'a a Kano. Wanda bai ga lokacin ba ba zai gane zumuɗin da aka yi ba. Talaka ya gaji, ya ɗauka daga ranar an daina cutarsa ke nan. Ko'ina wa'azi ake a kan haƙƙi da amana. Na san mutumin da ya mayar da garmar da ya ara tun ina yaro, mu teloli ma na ɗan lokaci muka riƙa haɗa wa mutane da ƙyallayen da suka rage a ɗinkinsu.

Wata rana a majalisar ƙofar masallaci wani taubashin Baba, wanda suka saba wasa tun suna yara, ya tsokane shi. “Kai mai rumbun gwamnati a gida, ka dai yi hattara da hannun nan naka.” Aka yi dariya, shi ma ya yi. Amma maganar ta tsaya masa a rai. Ba tsoron alƙali yake ba, ya san babu mai kai shi ƙara. Abin da ya dame shi shi ne ashe ana iya kallon abin da yake yi a ga sata. Shekara da shekaru yana ganin kansa mai riƙon amana, sai ga shi babu wanda ya ba shi amanar, babu kuma wanda ya san yana riƙe da ita. Daga ranar burinsa ya zama ɗaya tak, mai kayan ya buɗe baki ya ce nasa ne, ya karɓa.

Ya sa na ɗauke shi a babur muka je wata ƙaramar tasha da ya yi aiki a ƙarƙashinta. Ya ciro kakinsa ya sa, ya yi masa yawa yanzu. Muka tarar da mutum ɗaya, yana shanya barkono a dandamalin da fasinjoji suke tsayawa a da. Shi ne mai kula da tashar. Ya girmama Baba ƙwarai, ya ba shi kujerarsa, aka gaisa, aka tambayi hanya da gajiya da iyali da jiki, aka sake zagayowa, har na fara ƙosawa. Sannan Baba ya ciro kofi ɗaya daga aljihu ya ɗora a tebur, ya yi bayani.

Mutumin ya jujjuya shi a hannu ya ce, “Ikon Allah. Baba, wallahi da akwai inda zan sa su da na karɓa. Siton ko ƙofa babu. Sashen waya kuma tun kafin a kawo ni nan aka rufe shi.”

“To in jirgi zai zo, da me ake gaya maka?”

“Direbobin mota ne suke ce min sun wuce shi a hanya. In ba su faɗa ba, in na ji kukansa na fito.”

“Wa zan kai wa ke nan?”

“Sai dai babban ofis. Amma Baba, ka tausaya wa ƙafarka. Ni da nake cikin aikin, in na je ba na samun wanda zan gani.”

Ya rako mu har bakin titi, ya ba Baba ƙullin barkono. A hanya na ɗauka magana ta ƙare, har na fara hango Inna tana share rumbunta. Muna shiga ƙauye Baba ya taɓa kafaɗata ya ce in wuce da shi wajen liman.

Limamin ƙauyenmu kaɗan ya girme ni, ya gaji limancin ne daga mahaifinsa, mutum mai sanyin hali da ba ya gaggawar fatawa. Ya saurara har ƙarshe, ya shiga ya ɗauko littafi ya duba, ya rufe. Ya ce gaskiya shi bai ga inda malamai suka yi magana a kan kayan hukuma da hukumar ta manta da su ba. Abin da ya fi kusa da wannan shi ne tsintuwa, hukuncinta kuwa sananne ne. Wanda ya tsinci abu mai daraja zai yi cigiyarsa shekara guda, a kasuwanni da ƙofofin masallatai, inda jama'a suke taruwa. Ba zai nuna kayan ba, ba zai faɗi kamanninsu ba. Wanda ya ce nasa ne shi zai siffanta su, in ya dace a ba shi.

“In shekara ta cika fa, Malam?” na tambaya, don ni ƙarshen abin nake nema.

“In ta cika sai ku dawo.”

Ni raina ya ɓaci, Baba kuwa kamar an mayar da shi bakin aiki. Rabona da ganin fuskarsa a sake haka tun lokacin da yake zuwa mana da burodi. A daidai ƙofar liman ya ce in rage masa ƙugun wandon kakin, kuma in canja maɓallan da suka fashe.

Bayan Babbar Salla ya fara. Ranar kasuwar Kabo yana Kabo, ranar ta Gwarzo yana Gwarzo, Juma'a kuma duk masallacin da ƙafarsa ta kai. Wani lokaci yakan shiga mota har Madobi, don can ne kusa da layin. A Gwarzo wurin tsayuwarsa tsakanin 'yan hatsi da 'yan tireda ne, daidai inda nake hango shi daga shagona. Sai ya gyara wuyan riga ya ɗaga murya.

“Jama'a, salamu alaikum! An tsinci kaya a gefen layin dogo. Mai su ya zo ya faɗi kamanninsu ya karɓi abinsa. Wanda ya ji ya gaya wa wanda bai ji ba!”

Abin dariyar shi ne daga Garo har Kabo babu wanda bai san abin da yake cikin rumbun ba. Amma Baba ya riƙe sharaɗin liman gam, ko da wasa ba ya faɗa. 'Yan kasuwa suka samu abin nishaɗi. Wannan ya ce, “Baba, nawa ne, buhun kuɗi ne.” Wancan ya ce, “Baba, in saniya ce tawa ce, mai farin goshi.” Shi kuwa da gaske yake amsa wa kowa, “A'a, ba shi ba ne, Allah ya bayyana maka naka.” Suka sa masa suna Baba mai cigiya, ni kuma na zama ɗan mai cigiya. Kunya ta ishe ni. Da ya fara sai in duƙufa a kan keken ɗinki in yi ta takawa ko babu komai a ƙarƙashin allura, don dai kada in ji. A banza, don muryar mutumin da ya saba kiran abokin aiki daga wannan falwaya zuwa waccan ta fi ƙarfin keke.

Ba duka ne masu wasa ba. Akwai wani dattijo daga wajen Mainika da ya jira har Baba ya gama, sannan ya matso ya yi sallama. Ɗansa ya hau jirgi zuwa kudu neman abinci tun farkon ostariti, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Ya ji an ce layin dogo, shi ne ya zo ya ji ko akwatin ƙarfe ne mai shuɗin fenti da ƙaramin kwaɗo. Baba ya ce ba shi ba ne. Dattijon ya yi godiya ya tafi. Kasuwa ta gaba ya sake dawowa, ya ce uwar yaron ta tuna, wataƙila fentin ja ne. Baba ya sake ce masa ba shi ba ne, ya saya masa goro, suka zauna tare a inuwar wata rumfa.

Damina ta zo ta wuce, aka yi girbi, babu wanda ya zo. Ana gab da azumi, wata ranar kasuwa, mota ta tsaya a bakin shagona. Wani mutum ya fito da kaftani mai guga da jaka a hannu, ya tambayi ina mai cigiya. Ni na kai shi da kaina, don ni ma a lokacin na ɗauka hukumar jirgin ce ta aiko shi. Ya gaida Baba da ladabi, ya ce kayan da aka tsinta kofunan waya ne, farare na tangaran da koraye na gilashi, cikinsu da zare kamar na noti, wasu da rubutu a gindi.

Ban taɓa ganin Baba ya rikice haka ba. Ya ƙame kamar a gaban shugabansa. Ya faɗi tashar da ya yi aiki da yankin da yake kula da shi. Ya ce duk suna nan lafiya, ko ɗaya babu tsaga. Ya ce in ana bukatar wanda zai nuna inda kowace falwaya take, shi yana nan, gwiwar ma ta yi sauƙi.

Mutumin ya yi murmushi. “A'a Baba, ni ba daga can nake ba. Tsofaffin kaya nake saye a Kano. Akwai Turawan da suke tara korayen nan suna jerawa a taga. Labari na ji na biyo. Ka faɗi abin da kake so.”

“Ba naku ba ne ke nan?”

“In ka sayar min ai sun zama nawa.”

“Ba nawa ba ne balle in sayar.”

Mutumin ya yi ta lallashi, ya juyo kaina, ni ma na sa baki. Baba ya ba mu baya ya ɗaga murya, “Jama'a, salamu alaikum,” amma muryar ta karye a tsakiya, sai da ya yi tari ya sake farowa.

Da yamma da zan mayar da shi gida na kasa haƙuri. Na tsayar da babur a gefen hanya na faɗa masa abin da kowa yake faɗa a bayan idonsa.

“Baba, babu mai zuwa. Ba za a mayar da layin nan ba. Waɗanda suka ce ku jira, su ma an ce su je gida su jira. Ga Inna tana fama da ɓeraye, ga gwiwarka, ga mutane suna yi mana dariya. Don Allah wa kake yi wa?”

Bai yi fushi ba, da ma ya yi da ya fi min sauƙi. Ya kalli gonakin da aka girbe ya ce, “Kai wannan, shekara ba ta cika ba. Tayar da mashin.”

Haka ya ci gaba har cikin azumi, da bakinsa a bushe. Daga baya ma aka daina tsokanarsa, wannan ya fi min ciwo. Ya zama kamar lasifikar mai tallan magani, ana ji ba a saurara, mutane suna ciniki a gefensa ba mai waiwaye. Zumuɗin shari'ar ma a lokacin ya fara kwanciya, kowa ya koma neman abin da zai kai gida.

Da Babbar Salla ta zagayo, bayan an gama rabon nama, muka koma wajen liman. Liman ya ce Baba ya sauke nauyi, yanzu zaɓi yana hannunsa. In ya so ya riƙe kayan su zama nasa, halal, ya yi yadda ya ga dama da su. In ya so ya yi sadaka da su a madadin mai su, ladan ya je masa. Na ji daɗi har na fara tunanin inda zan samo mutumin Kano.

Baba ya juyo wajen liman. Sannan ya ce, “Malam, ba a ƙara shekara?”

“Ba a hana ka ba, Baba, amma ba a ɗora maka ba. An yanke shekara ne don duk mai kayan da yake neman kayansa, shekara ta ishe shi ya zo.”

Liman bai faɗi haka don ya ɓata masa ba, karatu ya bayar yadda ya san shi. Amma abin da na yi shekaru ina faɗa da ɗaga murya bai shiga ba, wannan ya shiga. Ina kallo kafaɗunsa suka sauka a cikin kakin.

“To a yi sadakar,” in ji shi. “Ni dai ba zan ci ba.”

Aka sa ranar Juma'a da hantsi. Ni na shiga rumbun ina miƙowa, ƙaiƙayi yana cin jikina, aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida aka jera su. Sai a ranar na ga yawansu a fili, tun daga bakin zaure har gindin darbejiya. Inna ta leƙo ta gani, ita da ta yi shekaru tana jiran ranar, ta koma ciki ba ta sake fitowa ba.

Mutane suka taru, kyauta ce ai. Wannan zai danne kwanon rufinsa, wancan matarsa za ta sa turaren wuta, wata ta aiko a karɓo mata kore don jeren ɗaki, wani ma bai san abin da zai yi da shi ba. Baba yana zaune a tabarma cikin farar riga, liman a gefensa. Da hannunsa yake miƙa kowanne, sai ya goge shi da hannun riga tukuna. Da farko yana gaya wa kowa kada ya bari ya faɗi a kan dutse, daga baya sai dai ya goge ya miƙa.

Ana cikin haka wata tsohuwa ta biyo hanya, daga wani ƙauye can gaba, ba ta san mu ba. Ta ga tabarmi a ƙofar gida, ga liman, ga jama'a, ga dattijo a zaune ana rabon sadaka. Sai ta cire takalmi ta durƙusa.

“Sannunku da haƙuri. Ya ƙarin haƙuri?”

Wani ya fara dariya ƙasa-ƙasa. Baba ya ɗauki kore guda ya goge ya miƙa mata. Ta karɓa da hannu biyu tana jujjuyawa, ba ta san ko mene ne ba, ta tambayi wa ake yi wa sadakar. Liman ya ce a madadin mai kayan ne.

“Allahu akbar,” in ji ta. “Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Allah ya ba ku haƙurin rashinsa.”

Na buɗe baki zan ce mata ba rasuwa aka yi ba. Kafin in yi magana Baba ya ɗaga tafukansa.

“Amin, Iya,” ya ce. “Amin.”

Ba a barin dattijo ya ɗaga hannu shi kaɗai. Mai dariyar ya ɗaga nasa, na kusa da shi ma haka, har liman, har ni. Muka shafa. Na zauna zaman makoki da yawa a rayuwata, har da na Baban kansa, wanda bai daɗe ba bayan nan, amma babu wanda ya yi min ciwo kamar na wannan hantsin. Tsohuwar ta ƙulle kofin a bakin zaninta ta kama hanya. Baba ya ɗauki wani ya goge, ya miƙa wa na gaba.